TSOHON SHAYI: WANI DUKIYA NE, WANI ASARA

Jama'a, manoma da makiyaya, a ƙasar Dakwaro shayi ya zama ɗan gida. Daga Kornaka zuwa Sakabal, daga gulbin Tarka zuwa rugagen Barmo, duk inda maza uku suka zauna za ka ga murhun gawayi da ƴar buta. Buzu yana sha, Bafillace yana sha, Bahaushe yana sha. Matasa ma a fada, shi ne abokin hirarsu.

Akwai labarin da ke yawo cewa a ƙasar Sin ana ajiye shayi shekara ashirin ko talatin, kuma tsohon ya fi sabon tsada. Labarin gaskiya ne. Amma wanda ya ji rabinsa zai iya yin asarar kuɗinsa, har da lafiyarsa. Don haka mu ji shi duka.

SHAYINMU NA GIDA

Ganyen da muke saya a kasuwa koren shayi ne, daga ƙasar Sin yake zuwa. Al'adar shansa da sukari a ƙananan kofuna ta biyo hanyar Maroko da Sahara. Ta bazu sosai a ƙarni na 19, ayarin raƙuma suka kawo ta wajenmu.

Kowa ya san ƙa'idarsa. Dahuwa uku ce. Ta farko mai ɗaci, ta manya. Ta biyu daidai wa daida. Ta uku zaƙi ya fi yawa. Mashayi yana duba abu uku: ƙarfi, ƙamshi da kumfa. In ɗaya ya rasa, sai ya ce ganyen ba shi da kyau.

Yadda ake yin koren shayi shi ne, da an tsinko ganye sai a gasa shi da zafi, a murza, a busar sarai. Zafin nan yana tsayar da ganyen yadda yake. Daga ranar nan ba ya ƙara kyau, sai raguwa. In ya wuce shekara guda ko biyu, ƙamshi ya tafi, koren ya koma ruwan ƙasa. In iska da rana suna samunsa, ba ya ma kai haka.

SHAYIN DA AKE TSIMAWA

Tsohon shayin da ake magana wani iri ne dabam. Wanda ya fi suna ana rubuta shi Pu'er, ana faɗin Fuwar. Sunan wani gari ne a lardin Yunan, kudu maso yammacin ƙasar Sin. Ana yin sa da ganyen itacen shayi mai faɗin ganye. Ba a gasa shi da yawa, a rana ake shanya shi. Sannan a turara shi, a danne shi ya zama faifai. Faifai ɗaya garam 357 ne. Ana ɗaure guda bakwai cikin ɓawon gora, ɗauri ɗaya ya kama kilo biyu da rabi.

Cikin faifan nan akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne ke aiki a hankali, shekara da shekaru. Ɗaci yana raguwa, ruwan shayin yana komawa ja mai duhu. Mu ma mun san irin wannan aiki. Shi ne ke mai da kalwa daddawa, shi ne ke mai da madara nono. Matar da ta iya daddawa ta san akwai ruɓa mai gyara abu, akwai mai ɓata shi.

Jiran shekaru yana da wuya. Don haka a shekarar 1973, masana'antar shayi ta birnin Kunmin ta fito da gajerar hanya. Ana tara ganye tsibi guda, a yayyafa ruwa, a rufe. Tsibin yana ɗaukar zafi, ma'aikata suna juya shi lokaci lokaci. Cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu ya nuna. Tun daga nan Fuwar ya zama iri biyu: ɗanye mai jiran shekaru, da nunanne na gaggawa.

SHAYIN MAKIYAYA

Wannan zance ya shafi masu dabbobi. Shekaru ɗaruruwa, manyan masu shan tsimammen shayi makiyaya ne, mutanen Tibet da Mongoliya. Ƙasarsu sanyi gare ta ƙwarai, shayi ba ya fita a can. Abincinsu nama ne da madara da man shanu, ganye kaɗan ne.

Fatake suna kai musu shayin da aka danne kamar tubali, a bayan alfadarai da dawaki, wani lokaci a bayan mutum. Tafiyar watanni ce cikin duwatsu. A da can, da dawaki ake musayarsa, shi ya sa ake kiran hanyar Hanyar Shayi da Dawaki. Tubalin shayi har kuɗi ya zama a kasuwanninsu, kamar yadda kantun gishirin Bilma yake da daraja wajen ayari.

Su ba sukari suke sa wa ba. Mutumin Tibet yana dafa shayi, ya zuba gishiri da man wata saniya mai dogon gashi da ake kira yak, ya kaɗa su tare. Mutumin Mongoliya yana zuba madara da gishiri. A wajensu shayi rabin abinci ne. Suna cewa yana sauƙaƙa musu nauyin nama da mai a ciki.

RA'AYIN MASHAYA YA RABU

A birane kuwa, masu shan Fuwar ba sa sa masa kome. Suna ɓantaro ɗan kaɗan, su zuba tafasasshen ruwa, su zubar da ruwan farko don wanke ganye. Daga nan su riƙa ƙara ruwa, ganye ɗaya ya ba da sau goma ko fiye.

Masu sonsa suna cewa ƙamshinsa kamar na ƙasa ne bayan ruwan fari. Waɗanda ba sa so suna cewa warin tsohon ɗaki yake yi. Wasu sun fi son wanda aka ajiye a wuri mai laima kamar Honkon, don yana saurin nuna. Wasu sun ce sai na busasshen wuri kamar Kunmin, ko da zai daɗe. Masu ɗanye suna raina nunanne, masu nunanne suna cewa ɗanye yana ƙwaƙular ciki. Abincin wani, gubar wani.

Akwai kuma masu sayensa don su ɓoye, ba don su sha ba. Farashi ya yi ta hawa har farkon shekarar 2007. Mutane suka zuba dukiyarsu, ƴan damfara suka cika kasuwa da jabu, suna liƙa wa sabon shayi takardar tsoho. A tsakiyar shekarar farashi ya faɗi warwas, mutane da yawa suka karye. A 2008 gwamnatin Sin ta kafa ƙa'ida cewa sai shayin Yunan, wanda aka yi yadda ya kamata, za a kira Fuwar.

ABIN DA YA SHAFE MU

Darasin a fili yake. Shayin da ke kasuwanninmu ba irin mai tsima ba ne. In ɗan tireda ya ce maka ganyensa ya daɗe don haka ya fi ƙarfi, kwantai yake so ya sayar maka. Koren shayin da ya jiƙe ya yi fumfuna ya lalace. Wata fumfuna tana da dafi mai cutar hanta, kamar wadda ke kama gyaɗa in an adana ta da danshi. Tafasa ba ta kashe dafin.

Kafin ka saya, ka buɗe ka duba. Ganye mai kyau kore ne, a murɗe, a bushe ƙarau. Ka sansana. In ka ji warin laima, ko na sabulu, ko na fetur, ka ajiye, domin shayi yana shan warin abin da ke kusa da shi. In ya dunƙule ko ya yi fari-fari, kada ka karɓa ko kyauta.

A gida, ka zuba shi cikin gwangwani mai murfi, ka sa a inuwa. Da damina kada ka ajiye shi a ƙasa. Makiyayi mai tafiya arewa ya ɗaure shi da kyau, nesa da salkar ruwa da taba. Kada ka sayi na wata shida in na wata ɗaya zai ishe ka.

Ka kuma yi lissafi. Wanda ke kashe dala 20 kullum kan shayi da sukari, a wata ya kashe jikka uku, a shekara jikka 36. Kuɗin da ya kai haka bai kamata ya tafi kan ruɓaɓɓen ganye ba.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, ko a bakin rijiya, ko a gindin buta.