Kukan Yaro: Daga Goyo Zuwa Waya da Kwalbar Magani

A gidajen gandu na da, yaro ba ya kuka ya rasa mai ɗauka. Kaka na nan, kishiyar uwa na nan, ga 'yan mata suna rububin goyo. Uwar ɗan fari ma, saboda kunya, sau da yawa ba ita ke fara miƙa hannu ba. A ba shi nono, a goya a jijjiga, a taɓa jikinsa a ji ko da zafi.

Yau ma'aurata da yawa a Kano, Kaduna ko Maraɗi suna zaune su kaɗai a ciki da falo na haya. Uwa ga girki, ga wanki, wata ga sana'a ko aikin ofis. Maigida ya dawo a gajiye, gudummawarsa ba ta wuce, "Ki sa shi ya yi shiru mana." Mai neman shiru cikin gaggawa kuwa hanya biyu ce gabansa: a miƙa wa yaro waya, ko a aika kemis.

Wayar tana aiki nan take, shi ya sa ta karɓu. Sai dai yaron da ya ga kuka na kawo masa katun, gobe kukan zai ƙara. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allo.

Maganin ya fi ban tsoro. Kusan kowane kuka sai a ce haƙori ne, a ɗura wa jariri maganin haƙori ko na mura mai sa barci. Yaro ya yi luf, uwa ta samu ta runtsa, alhali zazzaɓin cizon sauro ko ciwon kunne na ci gaba da cinsa. Ba a manta da My Pikin ba, maganin haƙorin da aka gano yana ɗauke da guba mai lalata ƙoda, wanda ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009.

Ɗora wa uwa laifi ita kaɗai zalunci ne. Hannuwan da ke taya ta ne suka ragu, kuma ba a sa uba cikin lissafin rarrashi ba. Maigida, idan ka dawo ka tarar yana kuka, karɓe shi ka saɓa a kafaɗa. In kukan ya ƙi tsayawa, ga zafin jiki ko ƙin nono, asibiti za ku nufa, ba kemis ba.