Tsakuwar da Ke Tankaɗe Iska

A dare na uku da dawowar Inna daga asibiti barci ya ƙaurace mini, saboda ƙarar akwatin da aka ajiye a gefen gadonta. Fari ne, ya ɗan ɗara gwiwa tsayi, yana da tayoyi, da siririn tiyo da ke zuwa hancinta. Zai yi gurnani na ɗan lokaci, sai ya ce fuss, kamar ɗan dako ya sauke buhu, sai ya koma gurnani. Likita ya ce huhunta ya daina ɗibar isasshen oksijin, akwatin nan ne zai riƙa cike mata giɓin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba a taɓa yi masa ɗuri ba. Tukunyar gas ta girki takan ƙare a kai ta a cika, shi kuwa wutar lantarki kaɗai yake ci. To daga ina yake samo abin da yake bayarwa?

Sai da damina ta yi nisa na sami amsa, ranar da wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a goshin akwatin ta ƙi mutuwa. Na kira wani saurayi mai gyaran kayan asibiti. Ya kwance bayan, ya nuna mini injin matsa iska, sannan ya zaro gwangwanaye biyu dogaye, kowanne kusan kamu ɗaya. Ya buɗe guda ya zazzago mini abin da ke ciki a tafin hannu: 'yan ƙwayoyi kamar gero, busassu, ba ƙamshi ba wari.

"Malam, wannan shi ne mai aikin," in ji shi. "Sauran duk 'yan rakiya ne."

Sunan ƙwayoyin ziyolait. Aikinsu kuwa, iskar ɗakin nan da muke shaƙa suke rarrabewa. Cikin kashi 100 na iska, wajen 78 naitirojin ne, wanda ke shiga huhu ya fito bai tsinana komai ba, 21 kuma oksijin. Injin yana tura iskar da ƙarfi cikin gwangwanin farko, ƙwayoyin su riƙe naitirojin, oksijin ya wuce. Kafin su ƙoshi sai a karkatar da iskar zuwa gwangwani na biyu, a sassauta matsin na farkon, nan take ya saki abin da ya riƙe. Wannan sakin shi ne fuss ɗin da ya hana ni barci. Haka suke karɓa-karɓa dare da rana, kamar mata biyu a turmi ɗaya, abin da ke isa hancin Inna ya kai kashi 90 zuwa 95 na oksijin. Wani injiniyan kamfanin Esso a Amurka, Charles Skarstrom, shi ya yi rajistar wannan dabara ta matsawa da saki a 1960.

Da farko na ɗauka rariya ce kawai, mai kauri ya tsaya, siriri ya wuce. Akwai ziyolait mai yin haka: wani nau'i da ake tsane ruwa daga sinadarin itanol da shi, ƙofofinsa sun ishi ƙwayar ruwa shiga amma sun yi wa itanol kaɗan. Na cikin akwatin Inna salonsa daban. Ƙofofinsa, duk da cewa silin gashin kai ya fi su kauri fiye da sau 50,000, sun ishi naitirojin da oksijin duka su shiga. Bambancin yana ga riƙo. A jikin bangon ramukan akwai ƙwayoyin sodiyam ko litiyam masu ɗauke da caji, su kuma sun fi jan naitirojin nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ratsa gona da kaka ya san wannan: ƙarangiya takan cika ƙafar wando, ta bar takalmin roba fes.

Nan ne masana ke rarrabe abu biyu da mukan haɗa a kalma ɗaya. Sukari ya narke a shayi, ya shige cikin ruwan ya ɓace, wannan daban. Abin da ziyolait ke yi mannewa ne a jikin bango. Saboda haka yawan bangon shi ne jarin. Ka tuna kasuwar Kurmi: daga waje ba ka ganin girmanta, sai ka kutsa ka tarar da lungu cikin lungu, kowane lungu da rumfunansa hagu da dama. Ƙwayar da ke tafina haka cikinta yake.

Inna, da ke sauraronmu daga kan gado, ta zame tiyon ta ce, "Kai, ai gawayi ke nan kuke ta ba dogon suna." Ta tuna mini yadda, in shinkafa ta kama, takan wanke gutsuren gawayi ta ɗora a kai ta rufe tukunya ya janye ƙaurin. Gaskiya ta faɗa, don gawayi shi ne kakan wannan fanni. Tun 1773 Carl Scheele na ƙasar Suwidin ya auna yadda gawayi ke kama iska, a 1915 kuma, da aka fara watsa iskar guba a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Nikolai Zelinsky na Rasha ya cusa shi cikin takunkumin sojoji. Sai dai gawayin murhu yawancin ramukansa a toshe suke da kwalta. Masana'antu kan ɗauki gawayin ɓawon kwakwa ko na itace su ratsa shi da tururi a zafin da ya kai digiri 800 zuwa 1,000, ramukan su buɗe. Giram ɗaya na irin wannan, in da za a shimfiɗa bangon cikinsa, zai rufe murabba'in mita 1,000 ko fiye. Giram 7 ke nan ya shafe filin ƙwallo. Shi ake sa wa a matatar ruwa, da shi ake wanke launin sukari, shi kuma likita kan ba wanda ya sha wasu nau'o'in guba.

Bari in ɗan ratse. Ina jin haushin masu tallan garin gawayi a matsayin maganin komai. Gawayi ba ya kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ba ya cire gishiri, kuma bai san abokin gaba daga masoyi ba: wanda ya sha shi tare da maganin hawan jini, gawayin na iya riƙe maganin ya fice da shi.

Ziyolait kuwa dutse ne tun asali. Wani ɗan Suwidin, Axel Cronstedt, ya gasa wani dutse a 1756 ya ga yana huci kamar yana tafasa, sai ya laƙaba masa suna da Girkanci, ma'anarsa dutse mai tafasa. Ruwan da ke ɓoye a ramukansa ne ke fita. An yi kusan shekara 200 yana abin kallo kawai, har Richard Barrer a Ingila da Robert Milton na kamfanin Union Carbide suka koyi dafa shi a ɗakin gwaji wajen ƙarshen shekarun 1940. Fifikonsa a kan gawayi shi ne tsari. Ramukan gawayi barkatai suke, wani babba wani ƙarami, na ziyolait kuwa kai ɗaya suke kamar saƙar zuma, kuma yau an san tsare-tsarensa fiye da 200. Man fetur ɗin da ke tankin babur ɗinka, da wuya in wani kasonsa bai ratsa ziyolait ba a matata, inda ake farfasa mai mai kauri ya koma fetur.

Kayan haɗinsa kuma ba baƙi ba ne a wajenmu. Silika ne da alumina, abin da ke cikin farar ƙasa. Injiniyoyin sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun daɗe suna gasa farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina, su dafa ta da soda irin ta masu sabulu, su fitar da ziyolait. Amma tsakanin abin da aka dafa a kwalbar gwaji da buhun da za a saya a kasuwa akwai tafiya, kuma ƙwayoyin da mai gyaran ya zo da su daga ƙetare aka kawo su.

Me ya sa ake ta wannan bincike? Domin rarrabe abubuwa na cin wuta. Hanyar da aka saba ita ce a tafasa, mai saurin tashi ya tashi a tare shi. A 2016 David Sholl da Ryan Lively na jami'ar Georgia Tech suka ƙiyasta cewa irin wannan rarrabewa na lashe kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi. Duk inda tsakuwa mai ramuka ta maye gurbin murhu, an rage asara.

Sabon salon da ake yayi yanzu shi ne gina ramukan da gangan, yadda magini ke fitar da ɗakuna. Ana ɗaukar ƙwayoyin ƙarfe a matsayin kusurwa, a haɗa su da sandunan sinadarai, a zaɓi faɗin ɗaki da irin abin da bangonsa zai kama. Ana kiran su MOF, wasunsu sun haura murabba'in mita 7,000 a giram ɗaya. A kansu aka ba Richard Robson da Susumu Kitagawa da Omar Yaghi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2025. Labarin Yaghi ne ya fi tsaya mini a rai. An haife shi a Amman ta ƙasar Jodan a 1965, iyayensa Falasɗinawa 'yan gudun hijira, ya tashi a gidan da ruwan famfo ke zuwa sau ɗaya a mako ko mako biyu. Da ya girma sai ya haɗa wani garin MOF da ke kama raɓar iska da dare, rana ta fito ta gasa shi ya saki ruwan. Ɗalibansa sun gwada shi a hamadar Death Valley ta Amurka a 2022, kilo ɗaya ya ba da wajen giram 200 na ruwa a yini. Kofi ɗaya ke nan. Abin al'ajabi ne, amma mai garke a Damargu kada ya yi saurin cike rijiyarsa.

Wannan son ruwan shi ne ya kashe ƙwayoyin akwatin Inna. Ziyolait ya fi ƙaunar ruwa a kan naitirojin, in kuma ya kama shi, sassauta matsi ba ya sa shi saki. Laimar damina ta yi ta shiga kaɗan-kaɗan, ga ɗaukewar wuta da ke barin na'urar a kashe cikin ɗaki mai danshi, har ruwa ya mamaye gurbin da naitirojin zai zauna. Mai gyaran ya ce da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, in riƙa wanke soson tace iskar duk mako.

Kafin ya ɗura sababbin, ya ce in buɗe hannu biyu. Ya zuba tsofaffin a hagu, sababbin a dama, ya ɗiga wa kowanne ruwa. Na hagu suka jiƙe kawai. Na dama suka ɗau zafi nan take, har na yarfar da su a kan tabarma.

Inna ta miƙo nata tafin. "Zuba mini in ji, yaro," ta ce. "Ni da ke ɗaukar garwashi da hannu."