Neman Kwangilar Gwamnati Ta Hanyar Intanet

A da, ɗan kwangila sai ya yi ta zarya a ma'aikatu yana duba allon sanarwa. Wanda ba shi da uwa a gindin murhu kuwa, sai dai ya ji an raba.

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta kafa hukumar BPP, ta kuma wajabta wa ma'aikatun Tarayya su tallata tanda a shafinsu na intanet, da manyan jaridu biyu, da mujallar tanda, kafin ranar rufewa. Jihar Kaduna ma tana da tata hukumar, watau KADPPA, mai shafin buga tanda.

To, amma ganin talla ba shi ne samun aiki ba. Lalle ne kamfani ya yi rajista da CAC da BPP, ya kuma nuna takardar shaidar biyan haraji ta shekara 3. In takarda guda ta gaza, akan ture tandarsa tun ba a dubi farashi ba.

Saboda haka, ɗalibi mai niyyar wannan sana'a ya fara da haɗa takardu. Ma'aikaci kuma ya yi hattara, domin wanda ya saɓa wa dokar, ɗaurin aƙalla shekara 5 ne, da kora daga aiki.