Dokin Yumɓu da Bindigar Roba

A birnin Nottingham na ƙasar Ingila akwai wani kamfani mai suna Games Workshop, wanda hajarsa ita ce 'yan mitsi-mitsin mayaƙa na roba, tsawon yawancinsu bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba. An kafa shi a Landan a 1975, ya fito da wasan Warhammer a 1983, a ƙarshen 2024 kuma ya shiga sahun kamfanoni 100 mafiya daraja a kasuwar hannun jari ta Landan. Abin mamaki, ba a gama mayaƙan nan ake sayar da su ba. Gunduwa-gunduwa suke zuwa, masu ruwan toka, sai mai saye ya harhaɗa su da gam, sannan ya zauna ya yi musu fenti da hannunsa.

Aikin yana da ƙa'ida. Da farko akan shafe ɗan mayaƙin da launi ɗaya domin fenti ya kama. Sai a bi sulke da riga da fata, kowanne da launinsa. Daga nan a zuba wani fenti mai ruwa-ruwa mai duhu, ya gangara cikin lunguna ya zama inuwa, a ƙarshe a goga haske a kan tudu-tudu da buroshin da ya kusa bushewa. Mayaƙi ɗaya yakan ci awoyi, runduna kuwa watanni. In ta kammala sai a jera ta a kan tebur, a kara da ta abokin hamayya, ana auna tafiya da tef, ana yanke hukunci da ƙwayar lido. Asalin wasan ma daga bariki yake. A 1824 rundunar Farusa, wato ɓangaren Jamus ta yau, ta karɓi wasan yaƙi na kan taswira daga hannun wani hafsa mai suna Reisswitz domin horar da hafsoshi, a 1913 kuma marubuci H. G. Wells ya wallafa dokokin da suka kai wasan cikin gidaje.

Na san manomin Malumfashi da ke fama da tsadar taki zai ce wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. Yana da gaskiyarsa. Amma duk wanda ya tashi tsakanin Malumfashi da Funtuwa shekaru talatin ko arba'in da suka wuce ya san mu ma mun yi wannan sana'a, ba tare da kamfani ba. Da damina ta sauka yara sukan ɗebo yumɓu a bakin kududdufi, su gina dawaki da shanu da raƙuma, su shanya a inuwa don kada rana ta fasa su. Gwani yakan ɗora wa dokinsa mahayi, ya yi masa mashi da tsinke, ya yi linzami da zare, ya shafa farar ƙasa a goshi da ƙafafu, ya sa gawayi da jar ƙasa da bular wanki inda suka dace. Da kaka kuwa, lokacin da karan dawa ya cika gonaki, sai hannu ya koma kan kara: a ɓare ɓawonsa, a yayyanka cikinsa mai laushi, a soka wannan cikin wancan har mota ta tashi. Abin koyin bai yi nisa ba, domin yaron da ya ga tawagar Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi, a hawan Sallah, ya riga ya haddace yadda rawani yake zama a ka da yadda jalala take sauka a gadon doki. Dabarun yaƙin kuma manya suna yin nasu a gindin bishiya, a kan dara mai gurabe talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu.

Yau me ya maye gurbin wannan? A duba hannun yara ranar Sallah. Bindigar roba ce, 'yar waje, wani lokaci har da ƙananan harsasai da kan yi wa ido lahani. A wani wuri da an ce wasa ne kawai. Amma a yankin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, inda ƙauyuka da dama suka kwana a daji, yaron da ya rataya bindiga ya rufe fuska da ƙyalle ba tatsuniya yake kwaikwayo ba.

Ba ina cewa dokin yumɓu wasan zaman lafiya ne ba. Shi ma yaƙi ake yi da shi. Bambancin yana cikin abin da wasan yake nema daga yaro. Bindigar roba kuɗi kawai take buƙata, a saya da safe a harba da hantsi. Mai dokin yumɓu kuwa sai ya lura, sai ya jira laka ta bushe, sai ya sake gini in ƙafa ta karye, kuma ba ya son a ragargaza abin da ya kwana uku yana yi, saboda haka dole shi da abokinsa su yi yarjejeniya kan yadda za a ci da yadda za a faɗi. Yana kallon yaƙin daga sama, a matsayin mai tsarawa, ba daga bayan kunamar bindiga ba.

Akwai masu ɗar-ɗar da batun mutum-mutumi, kuma ba zan raina damuwarsu ba. Sai dai malamai da yawa sun keɓe kayan wasan yara daga hanin, suna kafa hujja da 'yan tsanar Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, waɗanda a ruwayar Abu Dawud har akwai doki mai fukafukai a cikinsu. Hukuncin manya masu irin wannan sha'awa kuwa, fagen malamai ne, ba nawa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawan kayan aikin da muke zaune a kansu. Turawan nan dodanni da aljanu suka ƙago suka yi musu tarihi. Mu muna da Dodo da Gizo da macijin rijiyar Kusugu, muna da Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, dukansu marubutan da ƙasar Katsina take tinƙaho da su. Muna da 'yan lifidi da 'yan sulke da 'yan baka. Yaron da aka ce ya gina ɗan lifidi tilas ya je ya tambayi kakansa yadda ake cusa auduga a rigar doki da abin da ya sa take tare kibiya, ya koyi tarihin da allo bai ba shi ba. Launi ma yana gona: baba yana ba da shuɗi, karan dafi yana ba da ja irin na dukawa, ƙaro yana riƙe su kada su goge. Masu zubin tukwanen dalma a kasuwanninmu sun san yadda ake yin mazubi a yashi, wanda shi ne tushen fitar da siffa ɗaya sau ɗari.

A manhajar firamare akwai darasin al'adu da fasaha, amma a makarantu da yawa aikin hannu ya koma kawo tsintsiya daga kasuwa, ko ma kuɗinta, a ba yaro maki. Shugaban makarantar da ya ga dama zai iya sauya wannan a zango ɗaya ba tare da jiran kasafin gwamnati ba: awa guda a mako, bokitin yumɓu, damin kara, da dattijo ɗaya daga unguwa da za a roƙa ya zo ya nuna. Dattawan suna nan a Malumfashi da Bakori da Ƙafur, har yanzu hannunsu bai manta yadda ake lanƙwasa wuyan doki ba, sai dai mafi ƙanƙantar waɗanda suka ƙware a cikinsu ya ba arba'in baya.