Kafin a Ɗora wa Ƙorama Nauyin Ɗumama Gida

A karkarar Sikotland, Wels da Ireland ta Arewa, gidaje da dama ba su kan layin bututun iskar gas. Tanki ne suke ajiyewa a bayan gida, motar mai ta zo ta cika shi da kananzir, tukunyar ɗumama gida ta yi ta sha tun daga Oktoba har Afrilu. A Ireland ta Arewa ma, fiye da rabin gidaje da mai suke jin ɗumi. Da farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren, sai duk mai ƙorama a gonarsa ya fara yi mata wani irin kallo: wannan ruwan da ke wucewa a banza dare da rana, me zai hana ya biya kuɗin mai?

Tunanin ba na banza ba ne, kuma ba sabo ba ne. Tun 1878 attajirin nan William Armstrong ya haskaka gidansa na Cragside, a arewacin Ingila, da lantarkin ruwa. Sai dai masu tallan injuna da masu bidiyon "wuta kyauta" sukan tsallake lissafi, alhali a lissafin ne maganar take.

Abu biyu ke ba ƙorama ƙarfi: yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, da tsayin da yake gangarowa daga inda aka tare shi zuwa inda injin yake. Ma'aikatan wannan fanni suna da gajeren lissafi: a ninka lita da mita, sannan a ninka da biyar, abin da ya fito shi ne wat ɗin da zai iso gida, bayan an cire kusan rabi da ke salwanta a bututu, inji da waya. A ce ƙorama tana ba da lita 10 a daƙiƙa, gangaren kuma mita 20 ne. Wat 1,000 ke nan, wato kilowat ɗaya, yunit 24 a kwana. Ita kuwa litar kananzir guda tana ɗauke da zafin da ya kai yunit 10. Ashe duk wannan aiki na kwana guda bai wuce lita biyu da rabi zuwa uku ba, a gidan da kan ƙona lita goma ko fiye ranar da sanyi ya tsananta. A wata shida na hunturu an rage lita 500 ko kusa da haka. Ragi ne mai kyau, amma motar mai ba za ta daina zuwa ba.

Dalili shi ne babu abin da ke cin wuta kamar zafi. Kilowat ɗaya zai riƙe fitilu, firji, talabijin da kwamfuta har a sami rara, amma hita ɗaya tak ta ɗaki za ta lashe shi. Shi ya sa a ganina wanda ya sa lantarkin ƙorama kai tsaye a hita ya yi asara, domin a Birtaniya yunit ɗin wuta ya fi yunit ɗin zafin mai tsada nesa ba kusa ba. A fara kashe kuɗin wuta tukuna, rarar a tura ta tankin ruwan zafi. Dama injin yana bukatar inda zai zubar da rarar, domin idan aka kashe kayan gida aka bar shi ba kaya, gudu zai yi ya wuce kima har ya ƙona kansa. Wanda ke da hali ya haɗa da na'urar da ke zuƙo ɗumi daga iska ko ƙasa, mai aiki kamar firji da aka juya baya: yunit ɗaya na wuta yakan ba da kusan uku na zafi. A nan ne ƙaramar ƙorama ke fara yi wa tankin mai illa ta gaske.

Mutanen tsibirin Eigg na Sikotland sun gane wannan. Tun 2008 suke da wutar kansu daga ruwa, iska da rana, kuma injin ruwansu mafi girma kilowat 100 ne. Duk da haka sun ƙayyade wa kowane gida kilowat 5, idan wuta ta yi yawa sai a tura ta ɗumama zaurukan taro da coci-coci.

Inda ƙorama ta fi sola a waɗannan ƙasashe shi ne lokaci. A yammacin Birtaniya ruwan sama ya fi yawa a hunturu, daidai lokacin da rana ke ɓuya, gida kuma ke neman ɗumi. A Kanada da arewa maso gabashin Amurka kuwa ba haka abin yake ba: tsakiyar hunturu ruwa yakan ja baya, ƙanƙara ta toshe bakin bututu, sai dusar ƙanƙara ta narke ƙoramar ke cika, sanyi ya riga ya fara sauƙi.

Kuɗin ma ba a inji ya fi tafiya ba. Injin Pelton, ko na Turgo wanda kamfanin Gilkes na garin Kendal ya ƙirƙiro a 1919, abu ne da mutum biyu za su ɗauka. Bututun ne mai cin kuɗi, ga haƙa, ga waya mai kauri idan ƙoramar tana nesa da gida. Mai son arha ya sayi siririn bututu, ruwan ya ƙare ƙarfinsa wajen gogayya da bangon bututun kafin ya isa. Sannan ga rariyar bakin ruwa: lokacin da itatuwa ke kakkaɓe ganye, mai gida zai riƙa hawa tudu da asuba cikin ruwan sama, yana tsince ganye da hannu a ruwa mai sanyin ƙanƙara, in ba haka ba wuta ta ɗauke. Wannan ba ya fitowa a bidiyo.

Akwai kuma hukuma. Ƙorama ta ratsa gonarka ba ta sa ruwan ya zama naka. A Ingila, ɗibar fiye da lita 20,000 a rana sai da lasisin hukumar kula da muhalli, kuma lita 10 a daƙiƙa za ta wuce wannan adadi cikin minti 35. Sikotland da Wels suna da nasu hukumomin, dukkansu kuma suna wajabta a bar wani kaso na ruwan a hanyarsa saboda kifi. Tsarin da gwamnatin Birtaniya ke biyan masu ƙananan injuna kuɗi a kan kowane yunit an rufe shi ga sababbin masu nema a Maris 2019, don haka duk lissafin riba da aka yi kafin nan ya tsufa. Haɗa injin da layin wutar gari kuwa aikin ƙwararre ne. Injin da ya ci gaba da tura wuta a layin da aka kashe yana iya halaka ma'aikacin da ke kan turke.

Mu a nan ɗumama gida ba shi ne damuwarmu ba, in ban da Jos da Mambila, amma bidiyoyin nan suna yawo a wayoyinmu, lissafin kuma ɗaya ne. A Filato akwai gangare, shi ya sa kamfanin NESCO, da aka kafa a 1929, ya daɗe yana samar da wuta daga ruwan Kurra. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ko Maraɗi, mita biyu ma da wuya a samu, rafukan kuma yashi suke komawa da rani. Wanda ke da ƙorama a tudu, kafin ya ba kowa ko sisi, ya ɗauki bokiti mai lita 20 da agogon waya, ya tare ruwan ya bi ta guntun bututu, ya ƙirga daƙiƙa nawa bokitin ke cika. Ya yi awon a watan Maris ko Afrilu, ba a Agusta ba.