Ɗumin ƙarƙashin ƙasa da mahaƙan da ke nemansa

A shekarar 2023 babu abin da ya tayar da ƙura a Jamus kamar dokar ɗumama gidaje. Jita-jita ta bazu cewa gwamnati za ta bi gida-gida tana tumɓuke tukwanen ɗumama gida masu amfani da gas. Abin da majalisar tarayya ta zartar a watan Satumba bai kai haka ba. Dokar ta ce sabuwar na'urar ɗumama gida da za a girka daga 2024, a fara da sababbin unguwanni, dole kashi 65 cikin ɗari na makamashinta ya fito daga tushen da ba ya ƙarewa. Mai tsohuwar tukunya ya ci gaba da abinsa, in ta lalace ya gyara.

Amma tsoro ya riga ya shiga, har a kan injin jan ɗumi daga ƙasa, ɗaya daga cikin na'urorin da ke cika sharaɗin dokar. Da an ambace shi sai tunanin mutane ya tafi ga dutse mai aman wuta da girgizar ƙasa, alhali ramin da ake haƙa wa gida yawanci bai wuce mita 100 zuwa 150 ba. Duk wanda ya taɓa jan guga da asubar hunturu ya san ruwan rijiya da ɗumi yake fitowa, da rana a bazara kuma ya ji shi da sanyi. Ruwan bai sauya ba, iskar waje ce ta sauya. A Jamus, da an nutsa kamar mita 10, ƙasa tana zama a kusan digiri 10 duk shekara. Ana zura bututun roba a ramin, ruwa ya zagaya ya ɗebo wannan ɗan ɗumin, injin ya karɓi ɗumin ya ɗaga zafinsa har ya isa ɗumama ɗakuna da ruwan wanka.

Masu tsoron dai suna da abin nunawa, wato garin Staufen da ke kudu da Freiburg. A 2007 aka haƙa ramuka 7 masu zurfin kusan mita 140 don ɗumama ginin majalisar garin. Haƙar ta ratsa shimfiɗar wani dutse, anhidirait, ta buɗe wa ruwa hanya zuwa cikinsa. Shi kuwa wannan dutse in ya sha ruwa sai ya rikiɗe ya koma jifsam, wanda ake yin silin POP da shi, ya kumbura da kusan kashi 60 cikin ɗari. Tsakiyar garin ta riƙa tasowa da kusan santimita ɗaya a wata, gine-gine fiye da 250 suka tsattsage.

Laifin ba na ɗumin ƙasa ba ne. Rashin sanin abin da ke ƙarƙashi ne, da rashin toshe gefen rami yadda ruwa ba zai tsallaka daga wannan shimfiɗa zuwa waccan ba. Wannan ilimi kuwa ba a ofis ake samunsa ba. Ɗan kamfanin haƙa mai mota ɗaya da ma'aikata ƙalilan shi ne ke ganin ƙasar da ke fitowa mita bayan mita, ya rubuta inda yumɓu ya ƙare, inda ruwa ya ɓullo. Doka a Jamus ta wajabta miƙa irin wannan bayani ga hukumar nazarin ƙasa ta jiha, kuma da shi ake gyara taswirar da ke nuna inda za a haƙa da inda ba za a taɓa ba. Bayan Staufen, jihar Baden-Württemberg ta tsaurara ƙa'idojin haƙa da na toshe ramuka. A namu garuruwan ana haƙa burtsatse kusan a kowane layi, amma da wuya ka ga wanda ya ajiye takardar abin da ya tarar a ƙasa.

Haka batun tsofaffin gidaje, waɗanda ake cewa injin ba zai iya da su ba sai an sake musu bango da tagogi gaba ɗaya. Cibiyar Fraunhofer ISE da ke Freiburg ta auna injuna a gidaje 56 da mutane ke zaune a ciki, wasunsu sun haura shekara 100. Masu jan ɗumi daga ƙasa sun ba da kimanin awo 4 na zafi a kan kowane awo ɗaya na lantarki, masu ja daga iska kuma kimanin 3. Bambanci tsakanin gida da gida ya fi danganta da zafin ruwan da ake turawa cikin bututan ɗaki, wato da aikin mai girkawa: ya auna buƙatar kowane ɗaki, ya daidaita gudun ruwa, ya sauya ƙarfen ɗumama ɗaya ko biyu da suka yi ƙanƙanta.

Gwamnati ta yi burin a riƙa girka injunan jan ɗumi, na ƙasa da na iska, guda 500,000 a shekara daga 2024, kamar dai masu girkawar daga sama za su faɗo. An sayar da kimanin 356,000 a 2023, aka faɗo zuwa 193,000 a 2024. Ƙananan kamfanonin da suka tura yaransu horo suka sayi kayan aiki su ne suka kwana ciki, sannan gwamnatin da ta hau a 2025 ta rubuta a yarjejeniyar ƙawancenta cewa za ta soke dokar.