Lambar cuta da matsalar «kafaffen zato» a asibitocin Madawa, Buza da Keita

Abin da muke nufi da «kafaffen zato» shi ne abin da likitoci ke kira délire da Faransanci: mutum ya riƙe wani zato wanda hujja ba ta kawar da shi, misali cewa maƙwabta sun haɗa baki su halaka shi. Wannan takarda ta duba yadda ake ba irin wannan ciwo lamba.

A kundin CIM-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka amince da shi a 1990, lambar F22 ta zaton da ya daɗe ce, wata 3 aƙalla. F23 kuwa ta wanda ya auko farat ɗaya ce, cikin sati 2, ya kuma wuce da wuri. A nan aka sa bouffée délirante, wadda Henri Collomb ya yi nazarinta a Dakar a 1965. Kundin CIM-11, da ya fara aiki a 2022, ya maida su 6A24 da 6A23.

Wahala iri biyu ce. Ta farko ita ce lokaci. Ma'aikacin lafiya a Buza yakan ga majiyyaci sau ɗaya, alhali bambancin lambobin biyu na ga tsawon ciwon. Dole ke nan ya tambayi dangi yaushe abin ya fara, ya kuma duba zazzaɓi, domin sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro na kawo ruɗewa mai lambarta dabam, F05.

Ta biyu ita ce al'ada. Ƙa'ida ba ta ƙirga imanin da jama'ar mutum suka yarda da shi a matsayin ciwo. A ƙasar Adar, inda Nicole Echard ta yi binciken bori (1989), zancen iskoki ko sammu ba baƙon abu ba ne. Saboda haka abin lura shi ne: shin dangin mutum su ma suna ganin maganarsa ta kauce, kuma ta hana shi noma ko zaman gida?

Kuskuren lamba na da illa. Wanda aka rubuta wa F22 maimakon F23 yana iya daɗewa kan maganin da ba ya bukata, sunan «mahaukaci» ya bi shi. Wanda zazzaɓi ya ruɗa kuwa, jinkiri na iya kashe shi. Don haka muna ganin ya kamata lambar farko ta zama ta wucin gadi, a sake duba ta bayan wata 3.